Idan ciwo ya fid da ɗalibi daga aji tsakiyar shekara: gurbinsa da kuɗin da aka biya

A ƙasar Damargu buɗe makarantu da girbin hatsi tare suke zuwa. Watan Oktoba na kamawa, manomi na ɗaurin damma, makiyayi na duban inda zai sa gaba da dabbobinsa, yara kuma na neman littafi da alƙalami. A lokacin ne hatsi ya fi araha a kasuwa, a lokacin ne kuma mai gida ya fi bukatar kuɗi. Mutumin Tenhiya wanda ɗansa ya wuce ajin da ke kusa da gida, tilas ya tura shi Tanut, ko Belbeji, ko Damagaram da ke kusan kilomita 150 kudu da Tanut. Kafin yaron ya zauna bisa benci, an kai rago kasuwa, an auna gero an sayar, an ɗora wani buhun a mota domin gidan da zai sauka. Idan makarantar ta kuɗi ce, ko makarantar koyon aikin jinya, ko jami'a, to abin da aka fitar ya kan kai kuɗin saniya.

Ana cikin haka, wata uku ko huɗu da fara karatu, sai saƙo ya iso: yaro na kwance. Nan take hankalin iyaye ya koma kan ransa, kuma haka ya dace. Amma bayan an samu sauƙi, tambayoyi biyu na nan suna jira. Shin gurbinsa a makaranta na nan? Shin kuɗin da aka biya na watannin da bai zauna ba sun tafi ke nan? Amsar duka biyun ta rataya ne ga abin da iyaye suka yi, ko suka bari, cikin makon farko da na biyu na ciwon.

Ɗauke yaro shiru

Ga yadda abin ya saba faruwa. Uba ko kawu ya shigo motar kasuwa, ya tarar da yaro ya rame, ya naɗe masa tabarma, ya yi wa mai masauki godiya, su koma gida. Ba a leƙa makaranta ba. Wani ya kan ce ai ya gaya wa abokin yaron ya faɗa wa mushe. Wani kuma kunya ce ta hana shi shiga ofishin darakta, don ba ya jin Faransanci.

Makaranta kuwa da rajista take aiki. Kowace safiya ana kiran suna, wanda bai amsa ba a sa masa alama. Rajista ba ta san wanda ke kwance ba, ba ta san wanda ya gudu ci-rani ba. Alamarsu iri ɗaya ce. Jarrabawar aji da yaro bai yi ba, in babu hujja, sifiri ce. Idan kwanakin fashi suka taru, sai a rubuta cewa ya bar karatu da kansa, kuma kowace makaranta na da ƙa'idarta game da yawan kwanakin. Ranar da uba ya dawo da shi bayan wata biyar yana cewa ciwo ne, darakta na iya yarda da shi a zuci, amma ba shi da abin da zai nuna wa na gaba da shi. Maganar baka ba ta shiga fayil.

Saboda haka aikin farko, bayan an kai mara lafiya asibiti, shi ne a sanar da makaranta, a kuma sanar da ita a rubuce.

Ba kowane ciwo ke cin shekara ba

Kafin a yanke shawarar cire yaro, a tambayi likita abu guda: kwana nawa wannan ciwo zai hana shi zama aji? Sau da yawa amsar ba ta kai yadda tsoro ya nuna ba.

Zazzaɓin cizon sauro, wanda ya fi ƙarfi daga tsakiyar damina zuwa kaka, idan an gwada jini an fara magani da wuri, ƙwayoyin kwana 3 ne, sai ɗan hutu. Wannan neman izini yake bukata, ba barin makaranta ba. Zazzaɓin taifot, mai zuwa ta gurɓataccen ruwa da abinci, ya kan ɗauki makonni, idan kuma aka yi sakaci har ya huda hanji, sai an yi aiki, jinyar ta yi tsawo. Karaya ta kan nemi wata ɗaya da rabi ko fiye, amma mai karayar hannu ko ƙafa kansa lafiya lau yake, yana iya bin darasi daga littattafan abokansa.

Sanƙarau shi ne wanda ba ya jira. Lokacinsa rani ne, daga hunturu har zuwa faɗuwar ruwa, sa'ad da iska da ƙura ke busar da hanci da maƙogwaro, kuma ya fi samun hanya inda mutane da yawa ke kwana ɗaki ɗaya, kamar yadda ɗalibai baƙi ke yi a birni. Manya ba su manta da 1995 ba, shekarar da ya kama mutum fiye da 40.000 a Nijar. A 2015 ya kama fiye da 8.000, har aka rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki cikin watan Afrilu. Daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 ya sake ɓulla a jihar Damagaram. Alamunsa zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, amai, ƙin haske, wani lokaci da suma. Wanda ya ga haka ga ɗalibin da ke zaune gidansa, kada ya jira isowar uban yaro daga daji, kada ya jira wayewar gari. Ciwon na iya kisa cikin kwana ɗaya, allura kuwa na ceton rai in an fara ta da wuri. Cikin waɗanda suka tashi, kusan 1 cikin 5 na fita da wani tabo: kurumta, ko raunin gaɓa, ko wuyar riƙe karatu. Za mu koma kan wannan in mun zo maganar komawa aji.

Tarin fuka kuma, wanda ake kira tibi, a hankali yake cin mutum. Tari da ya wuce mako 2, zufa da dare, rama, zazzaɓin maraice: a kai majina a gwada. Gwamnati na ba da maganinsa kyauta, ana shan sa wata 6 ba fashi, wata 2 na farko da magani iri 4, sauran wata 4 da iri 2. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, wanda ke shan maganin daidai, bayan ƴan makonni ya kan daina yaɗa cutar, ƙarfinsa kuma ya fara dawowa. Likita ne zai faɗi ranar da zai koma aji, kuma galibi ba sai watanni shidan sun cika ba. A nan ne ɗauke yaro zuwa daji ke da haɗari biyu. Ya rasa karatu, sannan ya yi nisa da inda ake ba shi magani. Ƙasar Tenhiya faɗi gare ta, rugga na iya yin yinin tafiya da ɗakin shan magani mafi kusa, mazauninta kuma na tashi in ciyawa ta ƙare. Wanda ya yanke maganin tibi a tsakiya don ya ji sauƙi, cutar na iya dawowa da taurin kai, irin wadda maganinta ya fi tsawo, ya fi wahala. In dole ne a tafi da shi, a nemi takardar sauya wurin karɓar magani daga hannun wanda ya fara ba shi, a san sunan asibitin da za a ci gaba da karɓa kafin a hau mota. (Makiyaya su lura: akwai nau'in tibi da ke kama shanu, yana kuma shiga mutum ta ɗanyar madara. Mai jinya da mai lafiya duka, a tafasa musu madara.)

Akwai kuma ciwon da ke zuwa ya tafi. Mai amosanin jini, wato sikila, zai kwanta kwana biyar ya tashi, ya yi wata biyu lafiya ya sake kwantawa. Mai farfaɗiya in yana shan maganinsa kullum yana iya yin karatu kamar kowa, kuma farfaɗiya ba a ɗaukarta ta miyau ko ta taɓa jiki, ko da yake har yau akwai masu gudun mai ita. Irin waɗannan yara ba cire su ya kamata a yi ba. Takarda guda daga likita a farkon shekara, wadda za ta zauna cikin fayil ɗinsu, ta isa ta sa a riƙa karɓar uzurinsu.

Ciwon da aka fi ɓoyewa shi ne na ƙwaƙwalwa. Saurayi ko budurwa da ke nesa da gida, ga yunwa, ga tsoron jarrabawa, sai a ga ya daina barci, ya daina magana, ko ya shiga surutai. Iyaye kan ɗauke shi da dare don kada a sani. Wannan ma ciwo ne da asibiti ke dubawa, ana samun sauƙi, kuma takardar likita a kansa daidai take da ta mai karaya.

Takardar likita

Duk wanda zai nemi wani abu wurin makaranta, da wannan takarda zai fara. Ana samun ta inda aka duba mara lafiya: CSI, ko asibitin gunduma kamar na Tanut, ko babban asibitin ƙasa na Damagaram. A neme ta tun ana kwance, ko ranar sallama. Likita ba ya shaidar abin da bai gani ba, kuma wanda ya zo bayan wata huɗu yana roƙon a rubuta masa kwanan watan baya, yana neman ma'aikaci ya yi laifi ne.

Kafin a fita da takardar, a sa wanda ya iya karatu ya duba abu huɗu. Sunan yaro ya zo daidai da yadda yake a takardar haihuwarsa da rajistar makaranta, don a wajenmu yaro na iya zama da sunan gida daban, na lakwal daban. Kwanan watan da aka fara duba shi ya fito. Yawan kwanakin hutun da likita ya yanka ya fito. Sa hannu da hatimi su fito. Idan kwanakin sun ƙare yaro bai warke ba, a koma a karɓi ta ƙari, kada a bar rami tsakanin takarda da takarda. Don ƙaramin fashi, ta shugaban CSI ta kan isa. Don dakatar da shekara sukutum, manyan makarantu sun fi son ta likita, wasu ma sai likitansu ya sake dubawa.

Ba dole ne a rubuta sunan cutar ba. Sirrin mara lafiya haƙƙinsa ne, likita na iya rubuta cewa halin lafiyar wane ya hana shi karatu daga rana kaza zuwa rana kaza, ya tsaya nan. Iyayen da ke tsoron bakin mutane su kwantar da hankalinsu.

Mun san gidaje da yawa na fara wa da maganin gida, ko su haɗa biyun. Ba wannan ne zancenmu yau ba. Abin da za a sani kawai, mai maganin gargajiya ba ya ba da takardar da makaranta ke karɓa. Ko don wannan kaɗai, a bi ta asibiti. A kuma adana karne, da takardun sayen magani, da na gwaji, cikin leda guda tare da rasit ɗin makaranta, nesa da gara da ruwa.

Wasiƙa zuwa ga darakta

Da Faransanci ake rubuta ta, amma mai ita ya kamata ya san abin da ke ciki. Malamin yaƙi da jahilci, ko wani ɗalibi babba, zai iya juya ta. Ga abin da za ta ƙunsa, a taƙaice:

«Ni wane, mahaifin wane, ɗalibi a aji kaza, ina sanar da ku cewa ɗana ba shi da lafiya tun ranar kaza, kamar yadda takardar likita da ke haɗe ta nuna. Ina roƙon a ɗauki rashin zuwansa a matsayin na ciwo, a dakatar masa da karatu har ya warke, a kuma riƙe masa gurbinsa. Ina roƙon a duba maganar kuɗin watannin da suka rage.»

Sai kwanan wata, da sa hannu ko dangwalen yatsa. A yi ta kofi biyu. Ɗaya a bar wa makaranta, ɗaya a roƙi wanda ya karɓa ya buga mata hatimi, ya rubuta ranar da ya karɓa, a koma gida da ita. Takardar likita ma a ba da kofinta, a riƙe ta ainihi. Idan uba na nesa, mai masaukin yaro na iya kai wa a madadinsa, shi ne ma makaranta ta fi sani. Waya na da amfani don a sanar da wuri, amma ba ta maye gurbin takarda.

Maganar kuɗi

A makarantun gwamnati, firamare da kwaleji da lise, ba a biyan kuɗin koyarwa. Abin da iyaye ke bayarwa gudummawa ce ta kwamitin kula da makaranta, wato COGES, ana kashe ta wajen alli da gyaran benci da rumfunan zana. Wannan ba mai mayar da ita, bai ma kamata a nema ba. A nan abin tsaro shi ne gurbi, da kuma yadda za a rubuta shekarar: ta ciwo ce, ko ta faɗuwa. Bambancin babba ne, domin yawan maimaita aji na da iyaka, wanda ya wuce ta korarsa ake yi. Shekarar da takarda ta nuna ciwo ne ya ci ta, ana iya roƙon majalisar malamai kada ta lissafa ta cikin faɗuwa.

A makarantar kuɗi kuwa zancen ya bambanta. Kuɗinta kashi biyu ne. Akwai na rajista, wanda ake biya ranar rubuta suna; kusan ko'ina wannan ba ya dawowa. Akwai na koyarwa, wanda wasu ke biya gaba ɗaya, wasu kashi-kashi. A kan wannan ne ake magana, kuma abin da ke hukunci shi ne takardar da aka sa wa hannu ranar rajista, da dokar cikin gida ta makarantar. A dokar ƙasa, yarjejeniyar da mutum biyu suka ƙulla bisa ƙa'ida tana ɗaure su duka. Da yawa cikin waɗannan takardu na ɗauke da layin da ke cewa kuɗin da aka biya ba a mayarwa, ko zangon da aka fara ana biyansa cikakke. Uban da ya dangwala yatsa ba a karanta masa ba, sai ranar ciwo yake jin labarin layin.

Mu yi lissafi da misali; alƙaluman namu ne, don darasi. A ce kuɗin koyarwa sefa 90.000 ne, wato jika 90, na wata 9 daga Oktoba zuwa Yuni. Kowane wata ya tashi jika 10. Uba ya biya duka a Oktoba. Yaro ya kwanta ƙarshen Janairu, ya zauna wata 4. Idan makaranta na lissafi da wata, ta ci jika 40, saura jika 50. Idan da zango take lissafi, zango uku jika talatin-talatin, to Janairu ya shiga zango na biyu, ta ci jika 60, saura jika 30. Idan kuwa uban bai sanar ba sai cikin Afrilu, bayan zango na uku ya kama, makaranta za ta ce daga ranar da ta samu labari take ƙidaya, ba daga ranar da yaro ya kwanta ba. Saura babu. Ciwo ɗaya, yaro ɗaya, amma kwanan watan da ke bisa wasiƙa ya raba jika 50 da sifiri.

A yi wa masu makaranta adalci. Tun farkon shekara suka ɗauki malamai bisa yawan ɗaliban da suka yi rajista, suna biyan haya, kuma bencin da yaro ya bari a Fabrairu ba mai sayensa. Kuɗin da aka ba su a Oktoba, zuwa rani sun zama albashi. Shi ya sa wanda ya shiga ofis da faɗa yana cewa a ba shi kuɗinsa a hannu yau, ya fi kowa fitowa hannu wofi. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. A ganinmu, roƙon da ya fi samun karɓuwa shi ne a ɗage ragowar kuɗin zuwa shekara mai zuwa, yaro ya dawo ya tarar da su. Wannan bai taɓa aljihun makaranta yau ba, ya kuma tabbatar mata da ɗalibi gobe. Idan akwai ƙane ko ƙanwa a makarantar, a roƙi a juya ragowar a kansa. Neman tsabar kuɗi ya zo daga ƙarshe, sai in likita ya nuna yaron ba zai dawo ba. Duk abin da aka daidaita a kai, a rubuta, a buga hatimi, don darakta na iya sauyawa kafin Oktoba.

Idan an ƙi sauraro sam, akwai ƙungiyar iyayen yara, akwai ofishin ilimi na gunduma ko na jiha da ke sa ido kan makarantu masu zaman kansu. Kotu na nan, amma kafin a kai can a auna kuɗin mota da kwanakin da za a ɓata da abin da ake bi.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. A Amurka, inda kuɗin jami'a ke da tsada ƙwarai, jami'o'i na buga jadawali tun farko: wanda ya fita makon farko a mayar masa kusan duka, kowane mako rabon na raguwa, bayan ƴan makonni babu komai, har inshora ake saye saboda ciwon tsakiyar zango. A Faransa, cikin Disamban 2012, babbar kotun ƙasar ta yanke cewa sharaɗin da ke tilasta ɗalibi biyan kuɗin shekara duka, ba tare da barin ƙofa ga mai ƙwaƙƙwaran uzuri ba, sharaɗi ne na zalunci. Wannan hukunci bai ɗaure makarantun Nijar ba, amma hujja ce mai kyau a bakin ƙungiyar iyaye, su nemi kowace makaranta ta rubuta ƙarara abin da za ta yi in ciwo ya fid da ɗalibi. Malamanmu na zaure ma sun san mas'alar ta wata fuska. A babin ijara na Muhtasar na Shaihu Halil, idan an ɗauki malami ya koyar da wani yaro takamaimai, yaron ya rasu, ijarar ta warware, malami ya karɓi ladan abin da ya riga ya koyar. Gidan da Allah ya jarrabe su da rasuwar ɗalibi, ba abin kunya ba ne wani dangi ya je ya yi maganar ragowar bayan an share makoki.

Daga wannan lissafi manomi da makiyayi za su ga wani abu tun kafin ciwo ya zo. Biyan kuɗin shekara duka a Oktoba na nufin sayar da hatsi a lokacin da tiya ta fi araha, da kuma sa dukan ƙwai a hannun wani. Inda makaranta ta yarda da biya kashi-kashi, a biya kashi-kashi: na farko da kaka, na biyu da na uku sa'ad da hatsi ya ɗan yi daraja. Inda akwai ƙungiyar manoma mai tsarin jinginar da hatsi a rumbun gayya a karɓi bashi, wanda ake kira warantaji, shi ma hanya ce ta samun kuɗin Oktoba ba tare da karyar da amfanin gona ba. Mai dabbobi kuma ya fara da namiji. Tunkiya ko akuya mai haihuwa ita ce kuɗin makarantar baɗi. In makaranta na yin rangwame ga mai biya gaba ɗaya, a tambaya kafin a miƙa kuɗin: in yaro ya kwanta fa? A ji amsa, a ga inda aka rubuta ta.

Buhun geron da aka kai gidan masauki, wannan ba a bin sa. Mutanen da suka yi jinyar ɗanka kafin ka iso, su za su sake karɓar sa in ya dawo.

Ɗaliban jami'a

Wanda ke Jami'ar André Salifou ta Damagaram, ko Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, kuɗin rajistarsa ba su kai na makarantun kuɗi ba, kuma ba su ne abin damuwa ba. Abin tsaro shi ne shekarunsa da tallafinsa. Karatun jami'a yanzu zango-zango ne, shekara zango biyu, kuma darasin da ɗalibi ya riga ya ci yana nan a ajiye da sunansa. Wanda ya gama zangon farko lafiya ya kwanta a na biyu, bai yi hasarar shekara duka ba, in dai ya kai takardarsa ofishin rajista na tsangayarsa ya nemi dakatarwa. Wanda ya ɓace shiru, faɗuwa za a rubuta masa. Faɗuwa kuma na taɓa kuɗin tallafi da hukumar ANAB ke biya, don haka ita ma a kai mata kofin takardun, haka ofishin da ke kula da ɗakunan kwana da abincin ɗalibai. Masu karatu a Kano ko Katsina ko Zariya, can ma akwai tsarin ɗage karatu saboda ciwo, sai dai sun fi son takardar ta bi ta asibitin jami'ar.

Komawa aji

Kafin yaro ya koma, a karɓi takardar da ke nuna ya warke, musamman bayan ciwon da ake ɗauka. Wanda ya tashi daga sanƙarau, a gwada jinsa tun da wuri: a kira shi ta baya da ƙaramar murya, ta dama, ta hagu, in da shakka a kai shi asibiti. Yara da yawa an ce musu daƙiƙai bayan ciwo, alhali kunne ne ya tafi. Irin wannan yaro a roƙa masa bencin gaba, a gaya wa malamansa su riƙa fuskantarsa in suna magana. Wanda aka yi wa aiki ko ya karye, likita na iya rubuta masa takardar ɗauke wasannin motsa jiki, har a jarrabawar brebe da ta bak.

Ɗan ajin jarrabawa na da wani abin lura. Sunayen masu zana BEPC da bak tun tsakiyar shekara ake tura su. Idan akwai alamar yaro zai tashi kafin lokacin jarrabawa, a roƙi makaranta ta bar sunansa, a cika masa takardunsa, ya yi bita a gida. Kuɗin jarrabawa in an biya ba sa dawowa, amma ƙanana ne in an gwada da shekara guda.

Ƴan mata su ne suka fi ɓacewa a wannan gaɓa. Yarinya ta zo gida jinya, ta warke, kafin Oktoba an karɓi kayanta. Tun watan Disamba na 2017 akwai dokar gwamnati da ke kare yarinyar da ke cikin karatu, kuma ƙa'idojin da suka biyo bayanta sun buɗe wa wadda ta yi aure ko ta haihu ƙofar komawa aji. Uwar da ta riƙe kofin wasiƙa mai hatimi, da takardar da ke nuna jika 30 na jiran ɗiyarta a makaranta, tana da abin da za ta ajiye gaban dangi ranar da aka zo da maganar.

Aikin aji

Wani ya biya sefa 72.000 na wata 9. Ɗiyarsa ta kwanta ƙarshen Disamba, ya kai wasiƙa a makon. Nawa ya rage in an yi lissafi da wata? Nawa ya rage in bai kai wasiƙar ba sai ƙarshen Maris? Bayan lissafin, kowa ya rubuta wasiƙar darakta da hannunsa, da sunan ɗansa ko ɗiyarsa, ya kawo malami ya duba.